Kwanakin da Baba Ya Kifa Kai

Alhamis, ƙarfe 5:10 na yamma

Mun dawo da Baba daga asibiti. An yi aikin, awa biyu da ɗan ɗoriya. Idon dama ne. Na hagun ba a ma yi zancensa ba, shi tun ina firamare tsinken katako ya tafi da shi.

Likita ta ce ta sa masa kumfar iska a cikin idon don ta danne tantanin da ya ɓalle. Ita kumfa sama take tasowa, saboda haka dole ya kifa fuskarsa ƙasa, minti hamsin a kowace awa, har kwana goma sha huɗu. Baba ya ce, "Likita, shekara arba'in ina sunkuye a kan katako. Wannan ai hutu kika ba ni." Ta yi dariya. Mama ba ta yi ba.

A bakin ƙofa likitar ta tambaye ni yaushe ya fara ganin duhun. Na ce ban sani ba.

Juma'a, ƙarfe 7:00 na safe

Dogo, abokin aikinsa na shago, ya kawo wani ɗan tebur da ya ƙera jiya, da rami a tsakiya daidai fuska, ya liƙa soso a gefen ramin. Baba ya shafa ƙafafun da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta baya ta hagu ta fi sauran gajarta. Dogo ya rantse ya auna. Aka girgiza teburin, ya yi ɗingishi. Dogo ya ce, "Ashe ba ido ne ke kama ni ba duk shekarun nan." Daga nan ya yi ta murza hularsa, ya ce yana da aiki.

Asabar, ƙarfe 1:30 na rana

Bai ci komai ba sai shayi. Ya ce a kashe rediyo.

Lahadi, ƙarfe 4:00 na yamma

Kwana takwas ke nan ban taɓa hedifon ɗina ba. Yana saman kabad, na lulluɓe shi da ɗankwali kamar wanda ya yi laifi. Na saye shi wata biyu bayan na dawo gidan iyayena, lokacin da na gaji da tambayoyin mutane da kuma shirun da suke yi in na shigo. Na 'yan gem ne, mai manyan kunnuwa, irin wanda sautinsa ke kewaye mutum ta ko'ina. In na dawo daga wurin aiki, kaina cike da ƙarar injin buga takardu, sai in kulle ɗaki in sa shi. Mama na kiransa "kwanukan nan". Baba bai taɓa kiransa da komai ba, kallo kawai yake yi.

Yau ina ɗiga masa magani ya ce, "Auta, abin nan da kike rufe kunne da shi. Me ke cikinsa ne da har..." Bai ƙarasa ba. Ya ce, "Kawo in ji."

Na ce batirinsa ya mutu. Ban duba ba.

Litinin, ƙarfe 6:15 na yamma

Ya sake tambaya. Na kawo.

Na haɗa na'urar gem ɗin da talabijin ɗin falo, na jawo teburinsa kusa, na sa masa a kai. Gem ɗin na yawo ne, mutum ɗaya a daji yana neman hanyar gida. Ban motsa ba, na bar mutumin a tsaye ƙarƙashin bishiyoyi, ana yayyafi.

Baba ya ce, "Rufe tagar nan, ruwa zai shigo." Na ce babu ruwa. Bai ji ni ba. Na ɗaga masa kunne ɗaya na ce, "Baba, a ciki ne."

Sai na ga ya kai hannu ya shafa kafaɗarsa ta dama, ya murza yatsunsa, yana neman danshi. Can ya ɗaga yatsa ɗaya, fuskarsa na cikin ramin, ya ja shi a hankali daga hagu, ta saman ƙeyarsa, zuwa dama. Na duba allo ban ga komai ba. Na juya mutumin, sai ga tsuntsu yana sauka a reshe, daidai inda yatsan ya tsaya.

Wata shida ina cikin dajin nan. Ban taɓa sanin akwai tsuntsun ba.

Minti hamsin suka cika, na taɓa shi ya ɗago ya huta. Ya ce, "Ikon Allah. Kwano biyu ne fa kawai. Ta ina bayan ke shigowa?"

Ban sani ba. Ya ci shinkafa rabin faranti.

Talata, ƙarfe 12:40 na rana

A wurin aiki, lokacin hutu, na yi ta karantawa a waya don in samo masa amsa. Wai sauti yakan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan da ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma lanƙwasar fatar kunne tana canja shi gwargwadon inda ya fito. Masu ƙera abin sai suka koyi kwaikwayon wannan jinkirin. Ke nan ba hedifon ɗin ke gina dajin ba, kan mutum ne ke gina shi.

Na zauna ina shafa kunnena a gaban injin, har mai yankan takarda ta tambaye ni ko ciwo yake.

Laraba, ƙarfe 6:50 na yamma

Mun raba aiki. Ni ke riƙe da rimot ina kallo, ba na jin komai. Shi ke ji, ba ya kallo. Yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken titi, don ba ya jin muryar kansa.

"Tsaya. Wani abu na biye da ke. Ƙafa huɗu. Hagu, can baya."

Na juya. Kerkeci ne, a bayan dutse.

Mun iso wata gada ta katako. Na taka biyu ya ce, "Koma. Sake takawa." Na koma. Ya ce falanki na uku ruɓaɓɓe ne, cikinsa ya zama gari, kada in ɗora nauyi. Na yi dariya, na ce Baba ai zane ne. Na taka don in nuna masa. Ya karye, mutumin ya faɗa kogi.

Bai yi min dariya ba. Ya cire kunne ɗaya ya ce, "Auta, ki gane. Wani bawan Allah ya je ya nemo ruɓaɓɓen katako na gaske, ya taka, ya ɗauki ƙararsa, ya ajiye a nan, ko da wani zai lura. Bai san ni ba." Ya yi ta girgiza kai a cikin ramin har na ce ya bari, likita ta hana.



Alhamis, ƙarfe 7:20 na safe

Mako ɗaya. Ya fara kama wa abin laifi, alamar ya karɓe shi ke nan. Haka yake yi wa Dogo.

Ba a yi shi don mai kifa kai ba, sai ya riƙa zamowa gaba yana danne masa goshi kusa da bandejin. Na ɗaure shi ta ƙeya da ɗankwalin Mama. Ta shigo ta ga ɗankwalinta a kan mijinta ta ce, "Abin da ya rage ke nan."

Sai zafi. Bayan rabin awa kunnuwansa sun jiƙe sharkaf, sosan kamar an tsoma a ruwa. Ya ce wanda ya zaɓi wannan fatar roba bai taɓa yin gumi ba. Kuma tsawa ta yi masa yawa, wai an ƙara mata gishiri. "Tsawar gaske ba ta zama a muƙamuƙi haka. Sun so su burge ni, alhali yayyafin ma ya isa."

Juma'a, ƙarfe 5:45 na yamma

Mun mutu sau huɗu a wani tsohon gida mai bene. Hagu da dama ba ya kuskure ko sau ɗaya, amma abin da ke gaba sak da wanda ke baya sak sukan rikice masa. Sama da ƙasa kuwa sai a hankali. Ya ce mutum na ƙarƙashinmu, ashe yana kan benen. Ya ji haushi sosai. Ya ce ba kunnensa ba ne, nasu ne.

Na gwada da kaina, gaskiyarsa. Amma in na ɗan juya mutumin kaɗan, sai wurin ya fito fili. Na gaya masa. Ya ce to in riƙa juya shi kamar kaza mai sauraro.

Mun mutu na biyar saboda dariya.

Asabar, ƙarfe 2:10 na rana

Mama ta kira shi sau uku don maganin ƙarfe biyu. Ni ina banɗaki. Da na fito na same ta tsaye a kansa da kwalbar a hannu, shi kuma yana murmushi a cikin ramin, yana sauraron kogi.

Ta ce, "Kurame biyu ke nan a gidan." Ta dube ni. "Ranar ma haka ya tsaya a ƙofarki."

Ta ajiye kwalbar ta shiga kicin. Ashe ta gani.

Asabar, ƙarfe 6:00 na yamma

Ban kunna ba. Na ce kaina ke ciwo.

Lahadi, ƙarfe 11:30 na safe

Yaya ya kira daga garin da yake aiki. Na haɗa kiran da hedifon don kada Baba ya riƙe waya, na saukar masa da makirfon daidai baki. Ya yi mamaki ƙwarai, ya ce kamar yaron na zaune a tsakiyar kansa. Yana ta ba shi labarin gadar da kerkeci, yana cewa lafiya lau, gobe za a duba.

Can sai ya katse labarin. Ya ce, "Wa?" Ya cire abin gaba ɗaya ya saurara.

Makirfon ne. Yana kwasar komai, fanka, cokali, ƙofa. Yaya daga can ya ji abin da mu da ke cikin falon ba mu ji ba, ni don hankalina na kan Baba, shi don kunnuwansa a toshe. Mama ce a lungun kicin, ta sa tawul a baki.

Baba ya ce in kai shi. Na riƙe hannunsa, kansa a sunkuye, muka je. Na bar su na fita tsakar gida na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Litinin, ƙarfe 3:00 na rana

An duba. Matsin cikin idon ya hau fiye da yadda ake so. An ƙara magani biyu. Likita ta ce tantanin yana kwance, wannan abin godiya ne, amma tsakiyar ganin ta riga ta taɓu kafin a zo. Ta ce a irin wannan, kwana uku ba kaɗan ba ne.

Ba ni take kallo ba. Takarda take kallo.

Talata, ƙarfe 8:00 na safe

Ciwon kai. Amai sau biyu. Na ɗauki hutu a wurin aiki.

Talata, ƙarfe 4:30 na yamma

Kwana uku ba kaɗan ba ne.

Laraba, ƙarfe 10:15 na safe

Ya ɗan samu sauƙi. Ya ce in sa masa ruwan saman kawai, ba tafiya. Minti goma da farawa abin ya yi ƙarar da yake yi in caji zai ƙare, wani tsinin kuka a cikin kunne biyu lokaci ɗaya. Ya zabura har ya buga goshinsa da bakin ramin. Na duba bandejin. Ba abin da ya same shi.

Na fizge hedifon ɗin na jefar kan kujera, na ce zan fasa shi.

Ya ce, "Me ya yi miki?"

Laraba, ƙarfe 5:20 na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, don ban taɓa rubutawa ba.

Ranar Asabar ɗin can ta kafin aikin, da yamma, ya zo ƙofar ɗakina ya ƙwanƙwasa. Ina ciki, abin na kaina. Na ga inuwar ƙafafunsa a ƙasan ƙofa. Ban ji bugun ba, amma inuwar na gan ta. Na ce a raina bari in ƙarasa wannan wurin. Da na ƙarasa ta tafi. Da safe na tambaye shi ya ce ba komai. Sai ranar Talata ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce wa Mama kamar an ja labule daga gefe.

Yau na zauna a ƙasa kusa da teburinsa, inda nake ganin haɓarsa ta ƙarƙashin ramin, na gaya masa duka, har da inuwar.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Sau ɗaya na buga."

Na ce na sani.

"Ba ki sani ba. Na ɗaga hannu zan sake, sai na ji kina dariya. Tun da kika dawo gidan nan ban ji ba. Na tsaya ina saurare har na manta abin da ya kawo ni. Da na tuna sai na ce ƙura ce ta shiga, gobe ta fita." Ya miƙo hannu yana lalube har ya sami kaina. "Ina da baki, Auta. Ina da mamarku, ina da Dogo, ina da ƙafar zuwa asibiti. Kwana uku ina ganin abin yana ƙaruwa ina tsoron in faɗa. In rabon laifi za a yi, ki ɗauki na minti biyar ɗinki, ki bar min kwana ukuna."

Na yi kuka har wuyan rigata ya jiƙe. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "To sa masa caji. Mun bar mutumin nan a ruwa."

Alhamis, ƙarfe 9:40 na safe

Kwana goma sha huɗu. Likita ta ce ya ɗago.

Wuyansa ya ƙi miƙewa da farko. Muna fitowa ya tsaya a farfajiyar asibiti yana juya kai a hankali, ya ce duniya ta yi faɗi da yawa. Idon ba ya ganin komai tukuna sai haske mai rawa, kamar wanda ya buɗe ido a cikin ruwa. An ce haka ne, sai kumfar ta ragu.

Lahadi, ƙarfe 7:10 na safe

Ya tashe ni da kira. Wai akwai layi a cikin idonsa, a miƙe daga gefe zuwa gefe, in ya karkata kai sai layin ya ƙi karkata. Ya ce sak irin kumfar ma'aunin da yake daidaita tebur da shi. Sama da layin ya fara ganin silin.

Ya yi ta karkata kai yana dariya. "An sa min ma'auni a ido. Ku kira Dogo, yau zan duba duk abin da ya ƙera."

Laraba, ƙarfe 6:30 na yamma

Layin ya sauko rabi. Yana ganin ƙofa, yana ganin taga, yana gane Mama da tafiyarta. In ya kalli fuska kai tsaye, tsakiyar a lanƙwashe take, da tabo. In ya kalli gefen kunnen mutum sai ya fi ganinsa. Yanzu haka yake kallonmu, kamar yana duba wani a bayanmu.

Dogo ya zo. Sun yi maganar injin zarto a ƙasa-ƙasa. Na ji Baba ya ce, "Kai za ka riƙa yanka." Ban ji sauran ba, ban kuma tambaya ba.

Asabar, ƙarfe 5:00 na yamma

Yau ya ce yana so ya ga dajin.

Na matso masa da kujera dab da talabijin. Na kai mutumin wurin da muka fara. Ya karkata kai yana kallo ta gefen ido, ya daɗe. Ya tambayi ina kogin, na nuna. Ya tambayi ina manyan bishiyoyin, na ce ai su ne waɗannan.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"Wanda na shiga ya fi wannan sau goma. Nawa har da tudu a can, da wata bukka." Babu tudu, babu bukka. Ya ce in kashe hoton, in bar sautin.

Mama na bakin ƙofa da kwandon wanki. Ya ce, "Zo ki ji." Ta ce ita ba yarinya ba ce. Ya ce, "Minti ɗaya." Ta ce wanki na jiranta. Ya riƙe abin a hannu yana miƙa mata, bai sauke ba, har ta ajiye kwandon.

Ta zauna a bakin kujera, a ɗarare, kamar wadda za a yi wa allura. Shi ya sa mata da kansa, yana lalubar kunnuwanta, ya gyara mata ɗankwali. Na ƙara sautin kaɗan.

Da farko ta haɗe rai. Sai ta dubi silin. Sai ta dubi kwandon, na ga ta yunƙura za ta je ta kwashe shanya, ta tuna, ta koma. Can ta duƙar da kai da sauri, wani abu ya wuce ta sama. Ta kama hannun Baba da hannu biyu.

Ta ce, da ƙarfi, don ba ta jin kanta, "Malam, nan kake zuwa?"

Ya gyaɗa kai.

"Kai kaɗai?"

Ya nuna ni. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, irin kallon da rabona da shi tun kafin asibiti. Sannan ta rufe ido ta gyara zama.

"To ku yi gaba mana," in ji ta. "Ina jin ruwa a can. Ku kai ni in ji."

Na ɗauki rimot.